Kunnen da Ya Ƙi Goguwa

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da keken ɗinkinki. Ki gaida maigidan, in dai zai amsa.

Ina nan da raina. Ba wanda ya sace ni, wanda ma ya sace ni shi ke da asara. Wayata ni na kashe ta da hannuna, don na san ina kunnawa sunanki zai fara fitowa, ni kuwa ba ni da bakin amsawa. Shi ya sa na ba direban motar kaya wannan takarda, tunda ta ƙofar shagonki yake bi.

Na san labarin ya iso miki, amma kowa da gishirin da zai ƙara, gara ki ji daga bakina. Ranar nan mijinki ya kawo motar Likita wurin wankin motarmu kamar yadda ya saba. Kin san ta, tsohuwar baƙar nan ta marigayi mijin Likita, mai wili masu faɗin fuska kamar faranti, an lulluɓe su da kurom, fatar ƙyallin nan da mutum ke duba haƙoransa a ciki. Shekara da shekaru yana tuƙa ta, ko gefen kwalta bai taɓa bari ya lashi wilin ba. Ya ajiye ta, ya miƙe a benci, ya rufe fuska da hula. Kunnuwan nan suka fito gefe da gefe kamar an bar ƙofofin mota a buɗe. Kar ki harare ni, ke kika zaɓa.

Akwai wani ruwa mai asid a farar jarka da muke wanke wilin manyan motoci da shi. Oga ya sha hana mu kusantar da shi ga kurom. Ni kuwa na lura idan aka ɗiga shi a kan ƙura yana barin layi fes kamar alli. Sai na tsoma tsinke na zana fuskar mijinki a wilin gaba na ɓangaren direba: goshin, ɗan gemun, da kunnuwa biyu da suka kusa taɓa taya. Niyyata ya farka ya gani, a yi dariya, in watsa ruwa. Ana haka aka kira ni in tura wata mota da ta ƙi tashi. Wilin da zafinsa na hanya, rana kuma tana kansa. Kafin in dawo ruwan ya bushe.

Abokan aiki sun yi dariya har da riƙe ciki. Na watsa ruwa ina dariya. Na sa sabulu ina dariya. Da na ɗauraye na ga fuskar tana nan tana kallona, fari fat a cikin ƙyallin, sai dariyar ta ɗauke.

Ya tashi ya zo ya tsuguna, ya shafa kunnen da babban yatsa, ya daɗe yana shafawa. Na tsaya ina jiran mari. Da ya mare ni, Yaya, da yanzu ina gida ina suɗe kwanonki. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ka ɗauraye sauran ukun da kyau." Ya ce zai je ya ɗauko yara daga makaranta ya dawo.

Ban iya jiran dawowarsa ba. Na sa jak na cire wilin, na ɗaura safaya, mai faci ya cire mini tayar na bar ta wurinsa. Na cusa wilin a buhu na hau mota. An taɓa ba ni labarin wani tsoho a wannan garin, ana ce masa Baba Mai Guga, aikinsa dawo da ƙyallin ƙarfe. Wurinsa nake. Shagon cike da bambar mota da salansar babur, a rataye kamar shanya. Ya ciro wilin ya kai bakin ƙofa ya duba, ya tambaye ni ko mutumin yana raye. Na ce yana raye. Ya ce to ai da sauƙi, ni ne dai bai ga alamar zan daɗe ba.

An ce mini Likita tana wurin 'yarta, sai ƙarshen wata za ta dawo. Kafin nan zan kawo wilin kamar ba a taɓa shi ba. Ki gaya wa mijinki haka, amma ki gyara maganar, kin fi ni iya ɗinki.

Ƙaninki,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, mun gode Allah da muka ji kana raye. Inna ta bar kuka, ta koma faɗa, ka san hakan alamar sauƙi ce.

Na karanta takardarka da ƙyar, rubutun kamar kaza ta bi ta kan tawada. Na ga har yanzu bakinka bai mutu ba. Kunnuwan da kake magana, su ne suka saurari Inna ranar da ta ce ka gagare ta. Mai su ne ya je ya tsaya gaban Ogan wankin motar ya ce shi ya tsaya maka. Katifar da kake kwana a kai a ɗakin zaure, a kansa ya ɗauko ta daga kasuwa. Ban faɗa don gori ba, na faɗa ne don ka manta.

Ranar ya koma ya tarar da mota a kan safaya, kai babu kai. Mai faci ya gaya masa abin da ka yi. Ya sa tayar a but, ya mayar da motar gidan Likita a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Da ya shigo gida na zuba masa abinci, ya ci kaɗan, ya ce in ajiye maka naka ko za ka dawo da yunwa. Sai washegari na ji labarin a bakin matar mai faci, a gaban masu kawo ɗinki. Ka san yadda ake ji idan almakashi yana hannunka kuma ba ka san inda za ka sa ido ba?

Na so in yi masa maganarka, ya ce a bar yaro, kunya ce ta kore shi, ita za ta dawo da shi. Ni ban da haƙurinsa. Zane kuskure ne, na yarda, kowa ya san hannunka ba ya zama. Ɗauke wilin mutane ka bar gari kuwa, wannan ban san sunansa ba.

Maigadin gidan Likita ya fara tambayar ina ɗaya wilin. Baban yara ya ce masa yana wurin gyara. Dama shi da maigadin nan ba sa ga maciji, tun da ya hana maigadin aron motar ya kai iyalinsa asibiti ba da izini ba.

Ka dawo. Ka kawo kayan mutane ko da fuskar ko babu. Ƙaramar 'yarmu tana ta tambaya ina Kawu, na ce ka tafi makaranta. Ta ce ashe ana karɓar manya.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaida ki, ina gaida Inna, ina gaida mai tambayar Kawu. Ki ce mata an karɓe ni, kuma ni ne na ƙarshe a aji.

Takardarki ta iso, na karanta ta a bayan shago don kada Baba Mai Guga ya ga fuskata. Maganar abincin da ya ce a ajiye mini ta fi dukan da ban sha ba ciwo. Amma ba zan iya dawowa da wilin a haka ba. Ki yi tunani, in shigo unguwa da fuskar mijinki a buhu?

Bari ki ji inda aikin ya kai. Baba ya sa na wanke wilin da sabulu mai laushi, na tsane shi sarai, don ya ce ruwan da aka bari a lungu shi ke kiran tsatsa. Sannan ya ba ni wani soson ƙarfe mai laushi kamar gashin jariri, da ɗan man gogewa, ya ce in bi a hankali, ba dannawa. Ya ce kurom bai kai kaurin fatar albasa ba, a ƙarƙashinsa akwai wata fata mai ruwan ɗorawa, idan na gan ta to na wuce gona. Ni da na saba da tsumma da bokiti, ya mayar da ni mai shafa kan mage.

Kuma aikin ya fara kyau. Goshin ya tafi. Gemun ya dushe, sai an karkata wilin ake ganinsa. Kunnuwan ne suka tsaya, don a nan na fi zuba ruwan, na maimaita layin sau da yawa don su fito sosai. Sun fito kuwa.

Shekaranjiya Baba ya tafi jana'iza ya bar ni da shago. Na zauna ina kallon kunnen hagu, shi ma yana kallona. Na ce wannan shafa-shafar ba za ta kai mu ƙarshen wata ba. Na ɗauko sanfefa a kan teburinsa, wadda yake cin tsatsar bamba da ita. Yaya, da farko har na fara waƙa, farin layin yana tafiya. Da na share da tsumma sai na ga kunnen bai tafi ba, launi ya sake. Yanzu rawaya ne, yana walƙiya kamar na zinariya, kuma ya fi dā faɗi.

Da Baba ya dawo bai yi faɗa ba, shi ma. Ban san me ya sa duk mutanen da na ɓata wa suke da ciwon shiru ba. Ya sa tabarau ya duba, ya ce a dā mutumin yana da kunne, yanzu na sa masa ɗan kunne. Ya shafe wurin da kaki don kada damshi ya shiga ta nan ya ɓare sauran.

Saura hanya ɗaya. Akwai masu tsoma ƙarfe a bayan tasha, suna cire tsohuwar fatar gaba ɗaya su sa sabuwa. Sai kaya sun taru suke kunna tukunyarsu, an ce mako mai zuwa. Baba ya yarda ya sa wilin cikin kayansa, ni kuma in biya da guga, ga bamba nan jibge suna jirana. Ya ce idan ya fito zai fi 'yan uwansa uku haske nesa ba kusa ba, kamar ango a cikin masu zaman makoki. Na ce ai gara haka.

Ki ƙara ba shi haƙuri. Ban iya rubuta masa da kaina ba, na fara sau biyu, daga sallama alƙalamin yake tsayawa.

Naki,
Auta

*

Auta,

Salamu alaikum. Ba ni da lokacin doguwar gaisuwa, direban motar kaya yana jira a ƙofa da inji a kunne.

Kada ka bari a tsoma wilin nan. Ko sun kunna tukunya ka cire shi.

Maigadi ya kira ɗan Likita ya ce direba ya sayar da wilin marigayi. Ɗan ya zo jiya, ya zagaya motar, ya ga safaya, ya karɓi makulli a hannun Baban yara a gaban mai shara da mai ban ruwan fulawa. Ya ce irin wilin nan ba a samunsa yanzu, masu tara tsofaffin motoci suna nemansa ido rufe, kuma ya san abin da za a yi: za a sayo mai kama da shi a kasuwa a ɗaura. Ya ce yana gani zai gane, don sabo ba ya ɓuya a cikin tsofaffi. Ka ji? Angon naka shi ne shaidar da yake jira.

Ya tambaye shi wane gareji, wane mai gyara. Baban yara ya ce zai kawo wilin, iyakar abin da ya faɗa ke nan. Na ce masa don me ba zai faɗi sunanka ba. Ya ce ɗan Likita mai saurin kiran 'yan sanda ne, kuma yaron da ya cire wili ya bar gari, ba a tambayarsa niyya. Ya je ya roƙi mai faci ya yi shiru. Ogan naku kuwa ya ce shi bai ga komai ba, kuma in gaya maka kada ka koma masa.

Yau da safe Baban yara ya yi wanka ya sa kayan aiki, ya goge takalmi, sannan ya tuna an karɓe makulli. Ya zauna a bakin gado da hula a hannu har rana ta ɗaga. Da yara suka tambaya ya ce hutu aka ba shi.

Likita ta fasa jiran ƙarshen wata, jibi za ta sauka. Ita za ta yanke. Wannan mutumin ba shi da gona, ba shi da shago, sunansa kawai yake da shi, da shi ake ba shi makulli.

Kana ta ƙoƙarin goge abin kunyarka. To abin kunyar taka shi kaɗai ne zai nuna wilin na marigayi ne kuma ba a sayar ba. Ka kawo shi da kunnensa.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan kun wuni lafiya. A tasha nake rubuta wannan, a kan gwiwata, ki yi haƙuri da layin.

Na je. Takardarki ta same ni wilin yana cikin kwandon masu tsomawa, na ciro shi. Baba ya ƙara masa kaki, ya naɗe shi da tsohon bargo, ya ce in riƙe shi kamar jinjiri tunda ni na haife shi.

Ban biyo ta gida ba, na san in na ga Inna ba zan iya sake fitowa ba. Kai tsaye na wuce gidan Likita. Maigadi ya tare ni ya ce me ke cikin bargon. Na ce haƙuri ne, na kawo wa masu gida. A karon farko a rayuwata na yi wasa ban ji daɗinsa ba.

Suna baranda. Likita a kujera da sandarta, ɗanta a tsaye, mijinki a gefe da hannu a baya, cikin kayan aikin da kika ce. Da ya gan ni ya girgiza kai kaɗan, wai in koma. Yaya, har a lokacin ni yake karewa.

Na durƙusa na gaishe su. Na ce ni ƙanin matar direba ne, ni na cire wilin bai sani ba, kuma ga dalili. Na buɗe bargon. Rana ta faɗa kan kunnen rawayan nan, ya ɗauki ido kamar fitila. Mai shara ta leƙo, mai ban ruwa ya leƙo. Kowa ya dubi wilin, sannan ya dubi mijinki, sannan ya koma kan wilin. Ban yi tunanin wannan ba ko kaɗan. Na zo in wanke shi daga sata, sai ga shi na tsayar da shi gaban mutanen da yake aiki da su ana gwada kunnensa da na ƙarfe. Da na samu rami a barandar nan da na shige. Shi kuwa yana tsaye, yana kallon bango, kunnuwan sun yi ja.

Ɗan Likita ya sa aka gara wilin kusa da motar, ya jera shi da sauran. Ya duba bayansa, ya duba 'yar lotsawar da ke gefe, wadda Likita ta ce marigayi ne ya yi ta da kansa ranar da yake koya mata tuƙi. Ya miƙe bai ce a yi haƙuri ba. Ya ce to ba a sayar ba, amma direban da ke barci a bar yara suna wasa da mota, kuma ya ɓoye gaskiya da aka tambaye shi, shi bai ga amfaninsa ba. Ya ce ni kuma ya san inda ake kai irina.

Likita ta sa na matso da wilin gabanta. Ta sa tabarau, ta daɗe tana dubawa. Ta tambaye ni da me na zana, na faɗa. Ta tambayi me ya sa kunne ɗaya ya bambanta, na faɗa, har da sanfefar. Ta tambayi wa ya ce in dawo. Na ce Yayata.

Sai ta juya ga mijinki ta ce, "Kai kuma da ka bari a kore ka a kan wannan?"

Ya ce, "Ƙanina ne, ranki ya daɗe."

Bai ce ƙanin matata ba. Na sunkuyar da kai, hawaye yana ɗiga a kan kakin Baba, ina sharewa da hannun riga don kada ya bar tabo.

Daga nan ta ce kowa ya fita, a bar ta da ɗanta da direba. Na fito na tsaya a bakin get. Maigadi yana ta kallona yana taɓa kunnensa. Na kasa tsayawa, Yaya. In an kore shi ba zan iya ganin fitowarsa ba, in ba a kore shi ba ma ban san da wace fuska zan tare shi ba. Zan koma wurin Baba, akwai bamban da na yi alkawarin gogewa. Ba gudu ba ne wannan karon, kowa ya san inda nake, har ɗan Likita na ba kwatance in yana so ya aiko.

Ki rubuto mini abin da aka yanke, ko mene ne. Ki ba ƙaramar 'yarki katifata in tana so.

Ƙaninki,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya. Ka gaida Baba Mai Guga, ka ce na gode.

Yayarka ta ce ni zan rubuta, ita ta gaji.

An dawo mini da makulli. Ba za a kira kowa a kanka ba. Likita ta ce ba za a tsoma wilin ba, ba ta son a cire fatar da marigayi ya taɓa da hannunsa. An mayar da shi inda yake, gaba, ɓangarena. Jiya na kai ta asibiti, masu babur suna ta nuna ni a danja. Na ɗaga musu hannu.

Ta ce wurin da ka cinye yana son kaki duk mako, in ba haka ba tsatsa za ta shiga. Ta ce wanda ya yi shi zai riƙa zuwa yana shafawa, a tsugune, a gaban maigadi. Ranar Asabar da safe za ka fara. Ka gama bamban mutane ka taho.

Katifarka tana nan. Ƙaramar ta hau ta ce tana wari.

Na duba zanen da kyau yanzu da hankalina ya kwanta. Gemun ka samu. Na dama ma ba laifi. Na hagun ka yi ƙari.

Yayanka,
Direba